Kazar Mama a Cikin Obin

Obin ɗin nan yayata ce ta ba ni shi ranar da aka kai ni ɗakin miji. Ƙarami ne, na lantarki, mai ƙofar gilashi da maɓalli biyu, ɗaya na zafi, ɗaya na lokaci. Shekara da shekaru ina gasa burodi da kek a cikinsa, a ɗan kicin ɗinmu da ke bayan gida a Romi, har ranar da ya ga dama ya daina zafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai yi mutuwar mutunci ba. In ka murɗa maɓallin lokaci sai ya hau ƙas-ƙas-ƙas kamar mai aikin gaske, can kuma ya buga ƙararrawa, tin! wai ya gama. Ka buɗe ka tarar da ƙullunka ɗanye sharaf, da sanyinsa. Na zage shi, na maka masa ludayi a ka, a ƙarshe na sauke shi ƙasa kusa da buhun gawayi, na cusa tsummokaran goge-goge a ciki. Ƙofarsa da ma ta saki, kullum a ɗan buɗe take.

A daminar shekarar ce mijina ya je ƙauye ya ɗauko mahaifiyarsa. Ba da son ranta ta zo ba. Maƙwabtanta duk sun watse, iska ta yi gaba da rabin rufin ɗakinta, ba wanda ya rage da zai ji ko tarinta in ta kwanta ciwo. Ta sauka a ƙofar gidanmu da jakar Gana-mas-go ɗaya da kaza a cikin kwando, wata ja mai wuya ba gashi, mai kallon mutum a karkace.

Ni da mijina ba yarenmu ɗaya ba, Hausa ce ta haɗa mu, da ita nake yi wa Mama magana, in ta ga dama ta amsa. Yawanci ba ta ga dama ba. Tana zaune kan tabarma a baranda daga safe har yamma, abinci ta taɓa ta ture, tana ramewa muna kallo. Gidan nan kuwa ba ta taɓa kiransa gida ba, sai dai gidanku. Ruwan gidanku yana warin ƙarfe. A gidanku ba a jin carar zakara sai kukan janareto. Kazar ce kaɗai abokiyar hirarta, da yarensu, doguwar hira har da dariya. Ni da nake tuƙa mata tuwo ban samu rabin wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushin kazar.

Wata safiya na shiga kicin zan ɗebi gawayi, sai na ji a jikina ana kallona. Na duƙa. Ga ido nan ta cikin gilashin obin, ja wur, ya kafe ni. Kaza ce kwance a kan tsummokarana, ta baje fukafukai, ta kumbura. Na ce, "Wayyo Yesu!" Ni dai na sha saka kaza a obin, amma ban taɓa ganin wadda ta shiga da ƙafarta ba. Na rarumi tsintsiya.

"Kada ki taɓa ta."

Mama ce tsaye a bayana, ranar farko ke nan da na gan ta a kicin ɗina. Ashe ta daɗe da sani. Kazar ta jima tana saka ƙwai a ciki, ita kuma tana bi tana yi wa kowanne alama da gawayi.

Ta ce, "Kwanci take yi. Ba a ɗaga kaza daga kwanci, ba a matsar da wurin, ba a taɓa ƙwan. In aka taɓa, ta bar su ke nan."

Na ce, "Mama, obin ne fa. Abin gashi ne."

Ta ce, "Ita ta ga wurin zama a gidanku, ni ban gani ba tukuna. In ta ƙyanƙyashe, to ƙasar nan ta karɓe mu. In ta tashi ba 'ya'ya, ni ma na tashi. Ko ba rufi, a ɗakina zan mutu."

Da na gaya wa mijina, bai yi dariya ba. Ya san uwarsa, in ta faɗi magana ba ta komawa ta ɗauke ta. Abin mamaki kuma, daga ranar ta fara cin abinci. Ta jawo tabarmarta daga baranda zuwa bakin kicin, ta zama mai gadi, tana cinye tuwonta tas tana ba kazar labari.

Da haka aka tsaya, da an zauna lafiya. Amma bakina ya riga ya jawo mini. A taron zumuntar mata, wata mai son nuna isa ta ce kek ɗin bikin godiyar girbi gara a sayo a shago, don na gida ba ya tashi. Ni kuwa na miƙe na ce a bar mini, daga kicin ɗina zai fito. Na kawo wa mijina kuka ne don ya aro mini obin a wani wuri. Sai ya ajiye cokali ya ce, "Maman yara, aro kuma? Ai sai a gyara namu."

Mijina malamin makaranta ne, mutumin kirki, Allah ya sani, amma hannunsa bai taɓa shiga cikin inji ya fito ya bar shi da hankalinsa ba. Fankar falonmu tun da ya gyara ta baya take hurawa, sai mun juya mata ƙeya muke shan iska. Dutsen guga kuwa ya mayar masa da maɓalli a juye, inda aka rubuta sanyi nan ne jahannama, a nan zanen zumuntata ya tafi.

Na ce, "Baban yara, da kaza a ciki za ka yi gyaran?"

Ya ce, "Ina ruwana da ciki? Ciwon a baya yake."

Mama ta gindaya sharuɗɗanta. Ba za a ɗaga obin ba, ba za a ja shi ba, ba za a buga komai ba, kuma ba gwaji sai 'yan tsaki sun fito. Ko lokacin da kazar ke fita ta sha ruwa ta yi tona ta dawo, ba a yarda ya leƙa ba, wai ƙwan kwanci ba ya son idon namiji. Ya amince da duka. Kullum in ya dawo daga makaranta sai ya cire riga, ya janye buhun gawayi, ya kwanta a gefe ɗaya a ƙasan kicin, ƙafafunsa a waje, waya jingine da turmi, wani Bature a bidiyo yana kwance obin mai tsabta wanda ba kowa a cikinsa.

Ya fara da soket, ya gwada shi da cajar waya, lafiya lau. Ya buɗe fulogi ya duba fis, ya canza shi duk da ba abin da ya same shi. Ya bi igiyar wutar yana matsawa da yatsa ko ta tsinke daga ciki. Da dabara ta ƙare, ya tafi Unguwar Sanusi wurin wani Malam mai gyaran rediyo, tsohon abokinsa. Malam ya ce a kawo injin. Mijina ya ce ba zai ɗauku ba, kunya kuma ta hana shi faɗin dalili. Sai Malam ya ara masa mita, irin mai tsinke biyu da ke aiki da batir, wadda in wuta na iya bi ta cikin abu sai ta yi ƙara, in hanya ta yanke ta yi shiru. Ya ce in ya kwance gefen ya kira shi.

Ya kwance gefen a hankali, yana tara sukurori a cikin faranti. Ya kira Malam ya sa a lasifika. Malam ya ce ya ɗora tsinkayen a bakin ƙarafunan nan da ke yin ja in obin ya ɗau zafi, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora. Mita ta ce tiii. Daga ciki aka amsa, ƙoƙ!

Malam ya ce, "Sake ɗorawa."

Tiii. Ƙoƙ-ƙoƙ!

Malam ya ce, "Abokina, wannan ƙara ta biyun daga ina take fitowa?"

Mijina ya ce, "Daga cikin injin."

Malam ya ce, "Ikon Allah. Tun ina saurayi nake wannan sana'a, ban taɓa jin irinta ba. Kada ka sa hannu a ciki."

Ya makara da gargaɗin, don a daidai lokacin kazar ta zuro baki ta ramin da ƙarfen ke bi ta sari mijina a yatsa. Washegari kuma da ta fito shan ruwa ta biya ta kan faranti ta haɗiye sukuru ɗaya muna kallo. Mama ta ce ba komai, zai taimaka mata wajen niƙa. Har yau gefen obin ɗin nan da waya yake ɗaure.

Ƙarafunan duk lafiyarsu ƙalau. Abin daidaita zafi ma ya amsa. Sai can a bayan injin, cikin wata 'yar farar riga, ya tono wani ɗan abu bai fi ƙwayar wake ba. Ya ɗora mita, shiru. Ya sake ɗorawa, shiru, har kazar ba ta ce komai ba. Malam ya ce shi ne, fis ne na zafi, yana tsinkewa in zafi ya wuce kima don kada gida ya kama. Mijina ya koma Unguwar Sanusi ya karɓo sabo, ya matse shi da filaya, ya mayar da gefen, ya mayar da maɓallan da ya cire. Ya ɗora mita a bakin fulogi, ta ce tiii. Ya miƙe da gawayi har a kunne ya ce, "Na gama. Obin ya tashi."

Na ce, "Sannu da aiki." Haka na ce masa ranar fanka ma.

A satin nan babu wuta a garin gaba ɗaya, an ce babban layi ne ya faɗi. Mun saba, in aka daɗe ba wuta sai a bar komai a jone kuma a kunne, firji, caja, fitila, don ko minti kaɗan aka kawo kada a yi asara. Ranar Lahadi muka tafi coci a Sabon Tasha, muka bar Mama a bakin aikinta na gadi. Ana tsakiyar wa'azi sai janareto ya yi shiru, fankoki suka tsaya, suka sake tashi, yara a waje suka ɓarke da ihu. An kawo wuta. Har mai wa'azi sai da ya ce Halleluya.

Mijina ya matso ya raɗa mini, fuskarsa fal murna, "Yanzu 'yar jar fitilar nan ta kama. Muna komawa za ki gani da idonki."

Na ce, "Wace fitila?"

"Ta obin mana. Na jona shi, na bar maɓallin lokaci a inda ba ya kashe kansa, don fitilar ta ba da shaida. Kada ki damu, zafin yana kan sifili."

Na kalle shi. Na tuna dutsen guga. Na ce, "Sifilin wa? Naka ko na waɗanda suka ƙera shi?"

Na ga lokacin da murnar ta zube daga fuskarsa. Muka miƙe tare, muka bi ta kan ƙafafun mutane, ɗan kwalina ya faɗi ban tsaya ɗauka ba. A bakin titi muka faɗa cikin keke mai ƙafa uku. Na ce, "Romi, ɗan'uwa, don girman Allah ka taka!"

Mai keke ya ce, "Madam, lafiya? Rasuwa aka yi?"

Na ce, "Kaza ce a obin."

Ya ce, "To ai abin murna ne, Madam."

Na ce, "Da ranta!"

Bai ƙara tambaya ba, ya murza. Duk hanya gari sai murna yake. Ƙwayayen fitila a kunne da rana tsaka, masu aski sun tada inji, mai walda yana ta tartsatsi, kiɗa daga kowane shago. Ni kaɗai a duk kudancin Kaduna nake roƙon Ubangiji da ƙarfi ya ɗauke wutar nan. Mutanen da kullum suke ɗaukewa tun ba ka gama jona caja ba, ranar sun zama masu alkawari. Da na ga wannan addu'a ba ta ci ba sai na canza. Na ce, Ya Uba, ka san bawanka, bai taɓa gyara komai ba, kada ka fara ba shi nasara yau. Mijina yana gefena ya ce Amin.

Tun daga bakin layi muka jiyo ƙaurin tsumma da gashi. Kazar na kan katanga, jelarta a babbake, tana kyarkyara tana gaya wa unguwa abin da muka yi mata. A kicin obin ya yi ja jawur, hayaƙi na tsiyaya ta gefen da ba sukuru. Mama ba ta san ana zare fulogi ba. Ta rufe ƙofarsa ta tokare da turmi, wai kada wutar da ke ciki ta fito.

Mijina ya zare fulogi. Amma kafin ya zare, Allah ya yafe masa, ya tsaya ya kalli jan ƙarafunan nan, bakinsa ya suɓuce ya ce, "Ya yi!" Littafin waƙoƙi ne a hannuna, kuma ba don ranar Lahadi ba ce da ya ji shi a ƙeya.

Mama tana zaune a ƙasa jikin bango. A damtsenta na dama ga layin ƙuna biyu, fatar ta tashi. Da hannu ta shiga ta kwaso ƙwan, sawu bayan sawu, ƙarfen sama yana lasarta. Biyu na can ciki ba ta kai gare su ba, sun dahu. Sauran ta ɗaure su a cikin zanenta, a jikin fatar cikinta, ta rufe da hannun hagu. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi kukan.

Muka kai ta kemis. Mai kemis yana wanke ƙunar yana tambaya ko cikinta ma na ciwo ne, don ta ƙi ɗaga hannu daga kai. Da muka dawo na shimfiɗa ciyawa a kwando, Mama ta jera ƙwan, muka kamo kazar muka ɗora ta. Ta tsaya a kansu, ta dube su da ido ɗaya, ta dube mu da ɗayan, ta tsallake ta tafi tona. Muka sake. Ta sake tsallakewa. Mijina har da durƙusa mata.

Mama ta kwashe ƙwan ta mayar cikin zane. Ta ce da ɗanta, "Ta tashi. Ranar kasuwarmu akwai mota. Ka kai ni tasha."

Ya roƙe ta da yarensu, na roƙe ta da Hausa. Na ce mata zan saya mata kaji, zan yar da obin, zan koma gashi da yashi a tukunya. Ta ce ba maganar kaji ba ce, ta riga ta faɗa. Na ce to Mama ƙwan fa, me za ki yi da su a zane? Ta ce, "Da rai a ciki, ina ji. Ba a ajiye rai a ƙasa ya yi sanyi. In sun mutu, su mutu da ɗumi."

Haka ta zauna da su har ranar kasuwar. Ba wanka, ba kwanciya, a zaune take barci, in za ta miƙe sai ta dafa bango ta tallabe ciki. Tana juya su da yatsa kamar yadda kazar ke yi da baki. Ita kuwa uwar tasu tana yawonta a tsakar gida da guntun jela. Gidan ya yi tsit. Mijina ya daina cin abinci, ko kallon kicin ba ya yi. Kek ɗin bikin ma a shago na saya, na kai, mai son nuna isa ta yi murmushinta, ban ko ji zafin ba.

Da safiyar ranar Mama ta fito da jakarta, an ɗaure bakin da igiya. Ta ce ta bar mana kazar, tunda ita ta zama 'yar birni. Mijina ya ɗauki jakar, idonsa ja. Na bi su a baya ina share hanci da bakin zane. Mai keke na jira a ƙofar gida.

Ta sa ƙafa ɗaya a waje, sai ta tsaya. Ta ce, "Ku yi shiru."

Ba wanda ke magana da ma. Sai muka ji, siriri, daga cikin Mama. Ciu. Ciu-ciu.

Mai keke ya leƙo ya ce, "Baba, wayarki ce?"

Ta kwance bakin zanen a hankali. Ga wani ɗan abu jiƙe sharkaf, rabinsa a cikin ɓawo, yana buɗe baki, wuyansa ba gashi. Kusa da shi wani ƙwan ya huje, baki na motsi a ramin. Mama ta daɗe tana kallo. Ta karɓi jakar daga hannun ɗanta, ta ajiye a ƙasa, ta zauna a kanta a nan bakin ƙofa.

Mijina ya ce, "Mama, motar fa?"

Ta harare shi ta ce, "Kai wane irin yaro ne? A ina ka taɓa ganin mai jego ta hau mota? Sai na yi arba'in." Ta juyo gare ni. "Ke kuma kin tsaya kina kuka. Ɗora mini ruwan zafi, ki dama kunun kanwa."

Na ruga kicin ina dariya ina kuka, na hura gawayi, ban ko kalli obin ba. Kafin ruwa ya tafasa labari ya zaga layi, mata suka fara shigowa barka, wata har da sabulu. Ina dama kunu na ji maƙwabciyarmu daga bayan katanga tana ɗaga murya, "Mama, an ce yau za ki tafi, kin tafi ne?"

Mama ta ce, "Ina zan je? Ina gida. Shigo ki ga yara."